Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Kai Karatu Har Tsakar Gida

 

'Yan'uwa Musulmi, kwanakin baya wani bawan Allah ya tsare ni a ƙofar masallaci a nan Garwa bayan sallar Isha, ransa a ɓace. Ɗansa mai shekara 11 ya wuce izu 20 a allo, a makarantar boko kuma yana cikin na gaba-gaba a Faransanci. Rannan ya ce masa ya ba shi labarin Annabi Yusufu, Alaihis Salamu, da duk harshen da ya ga dama. Yaro ya yi tsuru-tsuru, alhali ya rubuta surar a allonsa, ya wanke, ya sake rubutawa. Uban yana so in faɗa masa littafin da zai saya. Na faɗa masa. Sai na tambaye shi wa zai zauna ya karanta wa yaron, nan ya sunkuyar da kai. Wannan zaman ne ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin wata baiwar Allah da ta fuskanci irin wannan matsala kusan shekara 200 da suka wuce, ta kuma samo mata magani: Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama.

An haife ta a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793 Miladiyya, wato 1208 bayan Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, da mahaifinta abinci a kogo lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu.

Gidan da ta tashi gidan karatu ne tun kaka da kakanni, kuma karatun bai tsaya a zaure ba. Shehu ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da suke tara almajirai a waje suna karantar da su safe da yamma, sun bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. Malamai da yawa na zamaninsa sun zarge shi saboda barin mata su halarci wa'azinsa, bai fasa ba. Saboda haka Asma'u ta buɗe ido ta ga iyayenta mata da yayyenta da alluna da littattafai a hannu. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci tauhidi da fiƙihun Malikiyya da nahawu da lugga da tasawwufi. Ta ji Larabci da Fulatanci da Hausa har ta yi rubutu da dukkansu ukun, an kuma ruwaito cewa tana jin harshen Buzaye.

Akwai wani abu a tarbiyyar gidan nan da ya kamata ɗalibai su lura da shi. Shehu ya rubuta manyan littattafansa da Larabci domin malamai. Amma idan ya fita wa'azi ƙauyuka da rugage, Fulatanci da Hausa yake yi, kuma ya tsara waƙoƙi masu yawa da Fulatanci domin makiyayi da matar da take dakan gero su iya riƙewa. Asma'u ta ga wannan tun tana yarinya: malami ɗaya, ilmi ɗaya, amma kowane mai sauraro da mudun da ake auna masa.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Daga nan sai yaƙi. Aka yi Tafkin Kwatto a wannan shekara, jama'ar Shehu suka yi nasara. Kafin shekarar ta fita aka yi Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mutum kimanin 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Ga yunwa, ga ciwo, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. A duk wannan yawo jama'a ba su yar da littattafansu ba, suna cikin gafakoki ana ɗauke da su. Ku tuna a wancan zamani littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuwa daga hamada fatake suke kawo ta. Yarinyar da ta ga mahaddata 200 sun tafi a wuni guda, ta ga kuma yadda ake tattalin 'yan takardu kamar rai, ba za ta ɗauki ilmi abin da ake bari a ƙirjin mutum ɗaya ko a gafakar mutum ɗaya ba. Ni dai a fahimtata, daga nan ne asalin aikinta ya tsiro.

Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya zauna Sifawa, sannan ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Allah Ya azurta ta da 'ya'ya maza shida. Daga tsatsonta wazirancin Sakkwato ya ci gaba, har zuwa kan Waziri Junaidu, babban masanin nan da ya rasu a 1997. Bayan rasuwar Shehu, ita da maigidanta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Giɗaɗo kansa marubuci ne, shi ne mai Raudul Jinan. Ita kuwa aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820, tana da shekara 27.

Da ta tsaya a nan, da ta isa a lissafa ta cikin malamai. Ta yi musayar waƙoƙi da wasiƙu da Larabci da yayanta Bello da wasu malamai, har da wani malami baƙo daga ƙasar Shinƙiɗi. Amma halin da ƙasa ta shiga ya ja ta wani wajen. Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu. Mata masu yawa daga Gobir da Kabi da Zamfara sun shigo gidajen Sakkwato da garuruwan ribaɗi irin su Wurno, Hausa kaɗai suke ji, da yawansu kuma a cikin bori suka tashi: idan yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta yi wuya, wurin 'yan bori ake nufa. Waɗannan matan su ne za su yi goyon 'ya'yan da za su gaji daular. Duk littattafan Larabcin da aka tara a Sakkwato ba za su isa kunnen ɗaya daga cikinsu ba.

Sai ta fara da zaɓe. Ta duba abin da mahaifinta da yayanta suka rubuta, ta ware abin da mace a ƙauye take bukata, ta sauya masa harshe, ta sa shi a ma'aunin waƙa mai amsa-amo domin ya zauna a ka. A 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa da har yau ake rerawa, mai gargaɗi ga masu mulki da talakawa baki ɗaya. Bello ya rubuta littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata, ya ba ta. Ta tsamo sunayen, ta tsara su da Fulatanci a 1836, sannan da Hausa a 1837, wato Tawassuli Ga Mata Masu Albarka: matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya da Sayyida Nafisa, sai kuma ta ƙara da matan jama'ar Shehu, waɗanda wasu masu sauraron sun san su ido da ido. Wannan ƙari hikima ce babba. Yarinyar da ta ji sunan matar garinsu a jere ɗaya da waliyyan Basra da Misira za ta san cewa hanyar ba ta fi ƙarfinta ba.

Ga mai fara karatu kuwa ta tsara wata 'yar waƙa da ake kira Sunago, wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti kimanin 30. Akwai ta da Fulatanci, akwai ta da Hausa, akwai ta da Larabci. Yaro ko tsohuwa za su iya haddace ta cikin 'yan kwanaki, su san taswirar Littafin tun kafin su shiga cikinsa. Ga wanda ya ɗan yi nisa akwai Begore, tarihin Manzon Allah a waƙe, baiti sama da 300. Akwai Filitago ta 1839, wadda ta ba da labarin hijirar Shehu da yaƙoƙinsa, aka mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Akwai Godaben Gaskiya ta 1842 a kan shika-shikan addini da sakamakon Lahira. Ga malamai kuma, a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, domin kada a hana mutane bori a bar su hannu sake ranar da ciwo ya zo. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen 60.

Bari in ɗan ratse a nan. Wasu daga cikin waƙoƙinta na wa'azi suna siffanta azabar Wuta da kalmomi masu sa tsigar jiki ta tashi. Haƙƙi ne, kuma babban da ya daɗe cikin saɓo yana bukatar irin wannan girgiza. Amma na sha ganin iyaye da malaman Islamiyya suna fara wa yaro ɗan shekara biyar da wannan, har yaron ya riƙa firgita cikin barci. A ganina wannan saɓa wa tsarinta ne. Wadda ta yi Sunago domin mai farawa, ta yi Begore domin a so Annabi, ta san cewa ba a ba jariri tuwo.

Rubutu kaɗai bai isa ba, dole a sami mai kai shi. Nan ne ta kafa abin da aka fi saninta da shi, wato 'Yan Taru, a cikin shekarun 1830. Matar aure mai ƙananan yara ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki. Saboda haka sai ta nemi dattijan mata waɗanda suka gama haihuwa, amintattu a garuruwansu, ta naɗa kowacce ta zama jaji. Jaji a Hausa shi ne jagoran ayarin fatake. Takan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa a Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori. Duk matar ƙauye da ta hango malfa ta san mai iko ce tafe, sai dai yanzu waƙar tauhidi ce a bakinta.

Jaji takan taso daga garinsu a ƙasa, tare da tsofaffi 'yan'uwanta da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, su zo gidan Asma'u a Sakkwato. Sukan zo da abin sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Sai a zauna. A karanta musu waƙa da murya, baiti-baiti, su maimaita, a warware musu ma'ana, su yi tambaya a kan tsarki da sallah da zaman aure da gado da jinya. Idan abin ya zauna, su koma gida, jaji ta bi ɗaki-ɗaki tana karanta wa matan da ba su sami zuwa ba. Matan nan kuwa suna rerawa a bakin turmi da wajen kaɗi da lokacin lallashin goyo. Wa yake zaune a gefensu? Yara. Ta haka ɗan da ba a kai shi makarantar allo ba tukuna ya riga ya ji sunayen surori, ya ji Badar da Uhudu, ya ji siffofin Allah da harshen da yake mafarki da shi. 'Yan matan da suka yi rakiya kuma, gobe su ne iyaye, jibi su ne jajis.

Ba ta ɗauki matan nan 'yan aike ba. Da jajinta Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da maigidanta Giɗaɗo. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima ma, tana yabon kirkinta da sulhunta tsakanin dangi. A cikin gida kuma ga ƙaninta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu. Ya tashi a kusa da ita, ya zama abokin aikinta, shi ya yi wa Tabbat Haƙiƙa tahmisi, shi ya mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Garwa da labarin Sakkwato? Ruwansa da tsaki. Tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga hannun Shehu wajen 1809 ita ce asalin Fombina, kuma lamidodin Garwa da Marwa da Ngaundare duk a ƙarƙashin Yola suke tun da ya kafa ta a 1841 har zuwan Jamus a 1901. Malamai sun biyo wannan hanya da littattafansu, kamar Modibbo Raji da ya taso daga ƙasar Gwandu ya zauna a Yola zamanin Lamiɗo Lawal. Littattafan da muke karantawa a zaurukanmu su ne nasu, kuma al'adar tsara wa'azi da yabon Annabi a waƙe da Fulatanci, a rubuta da ajami, ta yi ƙarfi a ƙasar nan tun daga Binuwai har Diyamare. Ni kaina kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a bakinta na fara jin labarin Isra'i da Mi'iraji, tana kaɗin auduga da daddare a gaban fitilar aci-bal-bal, tana rerawa da Fulatanci tana fassara mana da Hausa. Shekaru da yawa bayan haka, da na zauna gaban malamai a ƙasar Larabawa aka zo wannan babi, sai na iske gidan a gine yake, rufi kawai suka ɗora.

Yaron Garwa na yau harsuna huɗu yake fama da su: Hausa ko wani harshen a gida, Fulatanci a kasuwa da layi, Faransanci a aji, Larabci a allo. Ni'ima ce, amma tana iya zama asara idan ya haddace da ɗaya, ya ci jarrabawa da ɗaya, ya yi ciniki da ɗaya, babu wanda aka taɓa zaunar da shi aka ba shi ma'ana da shi. Tsofaffin da suke yin wannan aiki suna ta tafiya. Gurbinsu kuma waya ce ta cike shi, uwa da tata, uba da tasa, yaro yana leƙen ta wanda ya fi kusa.

Magabatanmu ba su taɓa miƙa wa yaro Muhtasar ba. Ƙawa'idi ake fara masa, sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kuma kowanne malami ne yake karantawa da murya yana fassarawa, almajiri yana bi. Wannan tsani shi ne Asma'u ta sassaƙa wa mata da yara irinsa. A zamaninmu ma an yi masu wannan tunani. Shaihu Abul Hasan Annadawi na Indiya ya rubuta Ƙisasun Nabiyyina domin ɗan ɗan'uwansa, ya fara da gajerun jimloli masu sauƙi, suna ƙara nauyi juzu'i bayan juzu'i kamar yadda yaron yake girma. Shi na faɗa wa mai tambayata, na ce ya karanta shafi ɗaya kowane dare ya fassara da Hausa, idan Larabcin ya yi masa nauyi ya nemi ɗalibin Islamiyya a unguwa. Akwai Khulasatu Nurul Yaƙin a kan sira. Da Hausa akwai tarihin Annabi da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, da Magana Jari Ce nasa, wanda ban ga laifin a karanta wa yaro shi ba ko kaɗan, domin yaron da bai saba jin daɗin labari ba, da wuya ya yi haƙurin zama da littafin fiƙihu. Sharaɗi ɗaya ne: babba ya riga yaro karanta littafin. Kasuwa cike take da 'yan littattafai masu ƙagaggun hadisai da labaran ban tsoro marasa asali, bango mai kyalli, ba sunan malamin da ya duba. Asma'u ba ta taɓa ba jaji abin da ba ta tace da kanta ba.

Ga ƙungiyoyin matanmu kuma, ga dattijan mata nan a Hausare da Fulɓere da Yelwa, sun sauke nauyin goyo, suna da lokaci, ana jin maganarsu. Da kowane masallaci zai zaɓi biyu ko uku, a koya musu ɗan littafi guda har su iya karanta shi da fassara, a raba musu gidaje, da mun ga abin da za a samu cikin shekara.

Nana Asma'u ta ci gaba da rubutu har tsufanta. Dalilin Samuwar Allah, da Hausa, ta yi ta ne a 1861, tana dab da shekara 70. Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ɗauki ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Tamodi, aikin ya ci gaba har bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Takardunta sun zauna a gidan Waziri. Da taimakon Waziri Junaidu ne wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta bi diddiginsu, ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe a 1997. Lokacin da take wannan bincike ta iske tsofaffin mata a ƙauyukan Sakkwato suna rera waƙoƙin nan da ka, fiye da shekara 100 bayan rasuwar mai su.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da jajinta baki ɗaya, Ya haskaka makwancinsu, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka fara sa mana sunan Annabi a kunne.